Ƙofar Kawu Manzo

Duk wanda ya san Kawu Manzo ya san ƙofarsa. Ƙofar ƙarfe ce shuɗiya, tsaye ita kaɗai a tsakiyar fili, babu katanga dama babu hagu. Bayanta bukkar kara ce, nan yake kwana. Amma kullum zai fita kasuwa sai ya ja ta ya danna kwaɗo, ya jijjiga ya ji ta kamu, ya rataya mabuɗin a wuya. Ni ƴar ƙanwarsa ce, ni ke kai masa abinci tun rasuwar matarsa, kuma wallahi ban taɓa shiga filin nan ta gefe ba, don ba zai ci tuwon da ya zo ta hanyar ɓarayi ba.

Ɗansa Sani ne ya aiko da ƙofar a bayan kamyo, babbar motar kaya, daga Agadas, da saƙon cewa a ajiye, yana nan tafe su yi gini. Kawu ya ce ƙofa ba kayan ajiya ba ce, ya kafa ta tsakanin gumagumai biyu.

Kun tuna Agali makiyayi? Ya zo neman ruwa, ya nufi bukka kai tsaye. Kawu ya sa shi ya koma, ya zagaya, ya tsaya gaban ƙofa ya yi sallama. Suna kallon juna ta gefe, amma sai da Kawu ya tambayi wane ne. Haka ranar da akuyar Hajo maƙwabciyarmu ta cinye masa wake, ya kai ƙara wai ta haura masa katanga. Hajo ta riƙe haɓa ta ce wace katangar? Ya ce, “Wadda za a gina mana. Ke ba ki ga inda za ta bi ba?”

To maganar ginin kuma, nan ake yin ta. Kun san halin Damargu: da kaka tafki na da ruwa, amma ana gama ɗaure damman gero maza sun watse cin rani. Da bazara sun dawo gyaran gona, tafki kuwa ya tsage, sai rijiyar da kake ja har hannu ya yi kanta. Abokinsa Malam Isufu ya ce masa da kaka, ga ruwa, bari ya tattaro sauran mazan gari a yi gayya a buga tubali. Kawu ya ce Allah ya kiyaye, ginin kaka sanyi ke fasa shi, sai bazara. Bazara ta zo Malam Isufu ya sake tuntuɓa. Kawu ya ce ruwan da mutane ke layi a kansa zai ba ƙasa ta sha? Sai kaka.

Malam Isufu ya ce, “Manzo, kaka ba ta yi ba, bazara ba ta yi ba. Yaushe ke nan?”

“Tsakaninsu.”

Wata shekara ya buga tubali shi kaɗai, ya jera, ya rufa da zana. Damina ta narkar da su suka zama tudu. Maimakon ya ji haushi sai ya shuka kuɓewa a kai, yana nuna wa mutane yana cewa su ga albarkar gidansa, tun ba a gina ba ya fara ciyar da shi. Mun yi dariya har da hawaye, ni ce ma kan gaba.

Dariyar ta tsaya mini wata rana da hantsi. Na kawo fura ban same shi ba, na bi shi kan tudun bayan gari da ake samun rezon waya. Yana tsaye ya ba ni baya, waya a kunne, yana magana da wata murya da ban san shi da ita ba. Yana cewa tafki ya cika bana, Sani, ƙasa ta yi kyau, ko wata guda ne ka zo mu taka ta tare. Ya saurari amsar Sani. Sannan ya ce to, ba komai, Allah ya kai mu bazarar. Da ya sauko ya tarar da su Malam Isufu gindin aduwa, sai na ji ya ɗaga murya: wai yaron nan ya dage zai zo, shi Kawu ya hana shi, wane mahaukaci ke gini da kaka? Raina ya ɓaci, tausayinsa ya kama ni. Ashe duk gardamar nan don kada a zagi ɗansa ne.

Da rani ya rasu, lokacin da gari ba kowa sai mata da tsofaffi. Da ƙyar aka haɗa masu ɗaukar makara, har da Agali da ya shigo shayar da raƙuma. Sun ɗauko za su yanke ta gefe, don ya fi kusa da hanyar maƙabarta, sai Agali ya tsaya cik ya ce shi ba ya haura katangar mutum. Aka kawo mabuɗi aka buɗe, aka karkata makara aka fitar da shi ta ƙofar gidansa.

Sani ya iso bayan an share makoki. Na hango shi zai bi ta gefe, na ce masa ta ƙofa. Ya tsaya gabanta da jakarsa ya yi sallama. Shiru. Ya sake yi. Ni na amsa masa, don ba zan iya jin ta uku ba.

Allah ya jiƙan Kawu Manzo, ya yafe masa. Allah ya ba shi gida ginanne a Aljanna, inda ba a jiran kaka ko bazara, ya haɗa shi da maƙwabtan da ba sa tafiya cin rani. Amin.