Mai Agana a Bakin Kwara

Mun tashi da asuba daga Bagudo, mu huɗu masu yi wa mutane lambar agana, ni ne shugaban ayari. Na yi addu'a da sunan Yesu, abokan tafiyata uku suka shafa Fatiha, muka hau kekuna. Labari ya zo mana cewa cutar ta ɓulla wajen iyakar Dahomey.

Ruwan bana ya cinye hanya. Rabinta mu muka hau kekunan, rabinta su suka hau mu. A Dole Kaina muka kwana, muka ci tuwon shinkafa da busasshen kifi mai arha, sabuwar tutar mulkin kai tana kaɗawa bisa rumfar kasuwa. Da safe wani dattijo masunci ya haye da mu Kwara zuwa Lolo. Kogin ya cika ya yi ja, dorina tana huci can cikin ciyawa. Ban saki bakin jirgin ba sai da muka taka ƙasa.

Kwana biyu muna lamba. Rana ta uku aka nuna mana wata bukka nesa da gari, dab da iyaka. Wani baƙo ne ɗan Dahomey a ciki, agana ta rufe shi har fatar ido. Abinci a ƙwarya ake tura masa da doguwar gora, mai turawar ya juya da gudu. Ƙwarya biyu muka tarar bai taɓa ba. In aka bar shi nan mutuwa zai yi, ga shi rumfar jinyarmu tana tsallaken kogi.

Da muka roƙi masuncin ya haye da shi, sai ya girgiza kai. "Malam, wanga ba ya shiga jirgina. In yash shiga, babu mai ƙara hawa nai har shi ruɓe."

"To Baba, yaya za mu yi?"

"Akwai tsohon kwalekwale, sai in ja shi da igiya. Amma yana yoyo. Sai wani ya zamna ciki yana kwalfe ruwa, yana riƙe da shi."

Abokan aikina suka dubi ƙasa. Da na nuna ɗayansu da ya shiga, don ni ke ba da umarni. Na shafa lambar damtsena, tun ina makarantar allo, kafin in bi Yesu, aka yi mini ita, ban san ko tana da sauran ƙarfi ba. Na tuna 'ya'yana. Na kuma tuna ranar Lahadin da na tsaya gaban jama'a ina ba su labarin yadda Ubangiji ya miƙa hannu ya taɓa kuturu. Da baki abin bai yi mini wuya ba. Na tuɓe riga na goya mutumin.

Jikinsa kamar garwashi. Na ɗora kansa a cinyata, hannu ɗaya na tallafe shi, ɗaya yana kwalfa. A tsakiyar kogi igiyar ta miƙe tana ƙara, ruwa ya kai mini idon sawu, addu'a ta tsere mini sai sunan Yesu kawai nake maimaitawa. Dattijon bai waiwayo ba, ya ce, "Kwalfa dai, Malam, Allah na nan."

Mun haye. Bayan kwana huɗu baƙon ya sha kunu da hannunsa, muka bar shi wurin mai jinya muka kamo hanyar gida.

Na koyi cewa shugaba ba ya tura wani inda shi yake tsoron zama. Tsoron kuwa bai sake ni ba. Yau kwanana shida a keɓe a rumfar bayan gida ina rubuta wannan da ajami, kowace safiya ina duba fatata. Uwargida tana turo mini tuwo da gora, 'ya'yana suna leƙe ta danga. Ita dai ba ta gudu. Takan tsaya daga nesa har in cinye.