Buhu Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Har gobe ban manta da ranar da na kusa kashe mai jego da kyauta ba. Ku yaran yanzu da kuke min dariya wai na cika kulle sito, ku zauna ku ji dalili.

A shekara ta biyu da fara yaƙin basasa ne, ina mataimakin ɗakin gwaji a wata tashar binciken aikin gona da ke bayan garin Minna. Shugabanmu Mista Yisa, Banufe ne, mutum marar yawan magana. An aiko mana da wani sabon garin magani a gwada ko yana hana ƙwari cin dawa a ajiye. Ya sa aka auna dawa buhu ashirin daga gona ɗaya. Goma aka cuɗa su da magani, goma aka bar su haka nan, domin sai ka kwatanta da wanda ba a taɓa ba za ka san ko magani ya yi aiki. Da ƙuri'a ya raba su, shi kaɗai a ɗaki, ya rubuta lamba a jikin kowane buhu, ya ajiye bayanin a ɗan littafin aljihunsa. Aikina duk Litinin in ɗebi mudu guda daga kowane buhu, in tankaɗe, in ƙirga ƙwari. Ya ce bai kamata mai ƙirga ya san wane ne wane ba, don ido yakan bi abin da zuciya take so.

Ni kuwa a lokacin ji nake babu wanda ya kai ni wayo. Wata uku ina ƙirga, na yanke wa kaina hukunci cewa duk buhun da ƙwari ke yawo a ciki, to babu magani a cikinsa.

Ana nan Mista Yisa ya tafi taro Kaduna, littafin yana aljihunsa. Ran Laraba leburanmu Danladi, mutumin Beji, ya zo yana ta murna matarsa Saratu ta haihu. Shekararsa shida yana ɗauke mana kaya bai taɓa roƙon komai ba. Na shiga sito, na zaɓi lamba goma sha huɗu, wanda ƙwari suka fi yawa a ciki, na auna masa mudu huɗu, na ce a dama wa mai jego kunu. Ya yi ta sa min albarka, ni kuma ina ta hura hanci.

Washegari da safe ina kwafe ƙirgata a babban littafi, sai na tsaya na jera buhunan da ke da ƙwari masu rai. Na samu goma sha shida. Na sake ƙirgawa, goma sha shida. To marasa magani goma ne kacal. Ke nan aƙalla shida daga cikin waɗanda nake ɗauka lafiyayyu suna da guba, kuma ban san waɗanne ba. Wallahi nan take na ajiye alƙalamin na miƙe.

Ban nemi izinin kowa ba na hau keke sai Beji. Ban san yadda na ci wannan hanya ba. Na tarar da Saratu zaune a tabarma, jaririyar na shan nono, ga ƙwaryar kunu a gefenta an sha fiye da rabi. Danladi ya ce tun jiya da yamma take sha, har ya tambaye ni ko in ɗanɗana. Na gaya masa gaskiya. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai kai ne mai karatu. Yanzu me za mu yi?"

Muka tare wata motar itace muka kai ta asibiti a Minna. Likita ya tambaye ni sunan maganin, na faɗa. Ya tambaye ni ko yana cikin dawar, kuma nawa. Na ce ban sani ba. Ya cire tabarau ya dube ni kamar mahaukaci, na yi ta ƙoƙarin bayyana masa cewa da gangan aka tsara aikin don kada in sani. Ya sa aka raba jaririyar da nono, aka kwantar da uwar, ya ce mu lura ko za ta fara amai ko zubar da miyau. Na ruga gidan waya na aika wa Mista Yisa telegiram Kaduna.

Yini guda da rabi muna jiran amsa. Jaririyar tana ta tsala kuka ana ba ta ruwa da cokali, uwar tana kuka don an hana ta ɗiyarta. Duk tarin da Saratu ta yi sai in miƙe tsaye. Na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba, na kuma tabbata a raina cewa in wani abu ya same su ni ne na kashe su.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci amsa ta iso, kalma huɗu: sha huɗu ba magani. Na karanta wa Danladi, na zauna a ƙasa.

Da Mista Yisa ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya buɗe littafinsa ya nuna min cewa sha uku da sha biyar, waɗanda ke jingine da buhun da na ɗiba, duk da magani a cikinsu. Ashe maganin ne bai kashe ƙwarin sosai ba. Ya ce, "Ba sani ka yi ba, sa'a ka yi." Ya rubuta min takardar gargaɗi, ya kuma cire buhun daga gwajin.

Abin da na koya shi ne, in an ce maka kada ka sani, to ka yarda ba ka sani ba har ranar da za a buɗe littafi. Danladi ya ci gaba da aiki da mu shekara tara, muna gaisawa lafiya lau. Amma ko goro na miƙa masa sai ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa a aljihu. Ban taɓa ganin ya ci ba.