Kwana takwas ana ce mini Mama Rifkatu da sauƙi

Da safen nan na ji. Mama Rifkatu ta rasu, an ma rufe ta yau kwana takwas, kuma duk Talata Mafara ni kaɗai ce ban sani ba.

Ba a bakin mijina na ji ba, ba a bakin uwata ba. Inna Hassi, mai kawo mana nono daga Tsibiri, ita ta shigo yi mini barkar haihuwa. Ta gama gaisuwarta mai tsawo, ta ɗauki jaririya, sai ta ce, "Ya muka ji da haƙurin tsohuwa? Allah shi ba ku dangana." Na ce wace tsohuwa? Sai na ga uwata ta sunkuyar da kai.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da aka yi mini tiyata aka ciro yarinyar nan. Wai jinina ya hau, wai mai jego ba a gaya mata mutuwa. To. Sai aka haɗa baki: mijina, uwata, matan zumuntar majami'armu, har da fasto. Wayata ma aka karɓe, aka ce ta lalace an kai gyara. Kullum in na tambayi Mama, sai a ce ciwon ƙafa ne ya hana ta zuwa, amma da sauƙi.

Na san don ni kuka yi. Kada kowa ya sake rubuta mini wannan a ƙasan rubutun nan, na sani. Amma wallahi ji nake kamar an ci amanata.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Mama Rifkatu ba ita ta haife ni ba. Ita ta koya mana karatun Littafi a majami'a muna yara, da bulalarta ta darbejiya da ban taɓa ganin ta daki kowa da ita ba.

Lokacin da na binne 'ya'ya biyu a jere, na daina zuwa sujada. Na faɗa a fili cewa Allah ya yaudare ni. Mutane suka yi ta kawo mini wa'azi har na fara rufe ƙofa.

Ita kwaɗon zogale take kawowa. Kowace Lahadi da yamma, ta zauna a bakin ƙofa, ta ce gishirin gidana ya fi nata, mu ci, ta tafi. Kusan shekara guda ba ta ce mini ki dawo ba, da ƙafata na bi ta na koma majami'a.

Ganinmu na ƙarshe a Bakura ne, gidan ɗanta, cikina na wata bakwai. Ta rame, na yi magana, ta ce tsufa ne. Na gaya mata tsoro nake ji kada wannan ma ya tafi. Na sa ta yi mini alkawari ita za ta yi wa jaririn wankan farko. Ta yi dariya, ta ce to. Da ta rako ni bakin titi sai ta riƙe mini hannu.

"Ɗiyata, mutum na yin alkawali da zuciya guda shi kasa cikawa. Ni ma mutum ce. Amma wanda ya cece ki ba shi sakin hannu. Cetonai ba zane ba na, ba shi koɗewa."

Na ce Mama kin fara wa'azi ke nan. Ashe sallama take yi mini.

Ɗazu mijina ya gaya mini ita da kanta ta ce kada a faɗa mini har in yi arba'in. Har da ke, Mama? Da kin bar ni na ji muryarki ko a waya ce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar suna. Mun shirya wani suna daban, sai da safe mijina ya ce mu sa mata Rifkatu. Na yi murna, na ce Mama ta samu takwara, bari ƙafarta ta warke ta zo ta gani. Da fasto ya faɗi sunan, mata suka fashe da kuka. Ni ina ta dariya a tsakiyarsu, na ɗauka kukan daɗi ne.

Yau ban san bakin wa zan ƙara yarda da shi ba. Saura ɗaya ya rage mini, wanda ta ce ba ya sakin hannu, kuma shi ma da ƙyar nake riƙe da shi.

Ya Ubangiji, baiwarka ta gama aikinta, ka ba ta hutu a wurinka. Ka ta'azantar da 'ya'yanta. Amincinka da ta dogara da shi har ƙarshe, kada ka janye mini shi yau da nake fushi. A cikin sunan Yesu, amin.

Ku da kuka karanta, ku sa iyalinta a addu'a. Ni ma ku sa ni, in iya yafe wa mutanen gidana. Tun safe yarinyar nan take hannuna, har yanzu na kasa kiran sunanta.