Ranar da Farfesa Ya Ɓata a Jami'a

A layin da ke bayan jami'a akwai wani tela da kowa ke kira Farfesa. Karatunsa bai wuce firamare ba. Sunan ya samo shi ne daga ɗinkin dogayen rigunan da ɗalibai ke sawa ranar yaye su, sana'ar da ya kama tun yana saurayi har furfura ta cinye masa gemu. Shagonsa ɗaki ɗaya ne: keken ɗinki, dutsen guga, da baƙin yadi jibge har rufi. Idan ya gama aiki sai ya ɗaure a bayan babur ya kai ƙaramar ƙofar baya, mai kula da sito ya karɓa, shi kuma ya juyo. Iyakar saninsa da jami'a ke nan.

Amma in ya je ganin dangi, baki yakan riga ƙafa. "Ai babu lungun da ban taka ba a wurin nan," yakan ce, ana ta jinjina kai.

Ana nan sai 'yar yayansa ta samu gurbin karatu a jami'ar. Yayan, manomi ne mai ciwon gwiwa, ya rako ta da kansa.

"Ƙanena," in ji shi bayan sun huta, "gobe ka zaga da mu a ƙasa, in ga inda zan bar yarinyar nan. Na ce wa uwarta ta kwantar da hankali, gidan baffanta za ta."

Matar Farfesa ta ɗago daga wanke-wanke ta dube shi. Ya kau da kai.

"Abu mai sauƙi, Yaya."

Da safe suka shiga ta babbar ƙofa, wadda bai taɓa bi ba. Tituna suka rabu ta ko'ina, ga itatuwa, ga alluna da rubutun da ba ya iya haɗawa. Ya zaɓi hanyar da ta fi faɗi ya sa kai. Da suka iso wani dogon bene ya nuna shi da alfahari.

"Ɗakin karatu ke nan. Littafi har rufi."

Bai rufe baki ba wani saurayi ya fito da tawul a wuya da bokiti a hannu.

"Har wanka ake yi a ciki?" Yaya ya tambaya.

"Masu kwana kan littafi ne."

Yarinyar ta dubi wayarta, inda taswirar makarantar take a buɗe, ta sunkuyar da kai ta mayar da wayar jaka. Wannan ya fi zagi yi wa Farfesa ciwo.

Rana ta take. Suka yi ta bulayi, Yaya yana jan ƙafa a baya. Can ya tsaya gaban wani tankin ruwa yana haki.

"Wannan tankin kamar mun gaisa da shi ɗazu."

"Iri ɗaya ake yin su," in ji Farfesa, gumi na bin wuyansa. Don ya rufe zancen sai ya ce zai kai su inda manyan malamai ke cin abinci. Ƙamshi ya bi har ya gano wurin. Mai gadi ya tare ƙofa ya nemi katin ma'aikata.

"Ni ne Farfesa."

"Na wane sashe, ranka ya daɗe?"

Kafin ya nemo amsa sai ga mai kula da sito zai wuce. Ya ja birki yana washe baki.

"A'a, tela! Yau kai ne a ciki? Wa ya nuna maka hanya?"

Da ƙasa za ta tsage da Farfesa ya shige. Yarinyar ce ta matso ta ce a hankali, "Baffa, akwai wata mai abinci bayan filin ƙwallo. Ko mu gwada?"

A kan benci suka zauna cikin ɗalibai, aka kawo shinkafa da soyayyen kifi. Farfesa ya yi ta juya cokali a cikin shinkafar. Yaya ya share farantinsa tas, ya cire takalmi yana murza gwiwa.

"Da ka ce ba ka sani ba," ya ce ba tare da ya dube shi ba, "da mun ɓata tare muna dariya."

Daga nan yarinyar ta shige gaba tana bin taswirar wayarta. Ta kai su ɗakin karatu na gaske, da tsohon ginin agogo, da tafkin da ɗalibai ke zama a bakinsa. Suka tsallaka titi zuwa wata harabar jami'ar, inda ajujuwan su yarinyar suke. Yaya yana ta "ikon Allah". Farfesa yana can baya, idonsa a kan takalminsa.

Washegari gwiwar ta kumbura suntum, dole tafiya ta fasu. Kwanakin da Yaya ya ƙara, Farfesa da kansa yake dafa ruwa yana gasa masa, ya hana matarsa taɓawa. Babu wanda ya tayar da maganar ɓatan, har matar, wadda ba ta saba barin irin wannan ta wuce ba.

Ranar komawa Yaya ya shigo shago yana dogara sanda, ya miƙa masa wani wando.

"Ya yi mini tsawo. Rage mini kafin mota ta tashi."

Farfesa ya karɓa da hannu biyu, ya zauna, ya sunkuya kan keke.