Ƙwayar Masu Matse Rake

Kwana huɗu da dawowata gida Kudan daga makarantar kwana ta 'yan mata, bayan jarrabawar ƙarshe, na wayi gari na kasa tashi. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Na ji kiran salla, na ji ana jan ruwa a rijiya, na san sarai abin da ya kamata in yi, amma jikina ya ƙi. Ko ɗaura ɗankwali sai na zauna ina kallonsa kamar an ce in ɗauki buhun gero. Wata biyu ke nan yanzu.

Abin ya samo asali ne tun hutun bara, lokacin matsar rake. Kawuna, ƙanin Inna, yana da injin matsa a bakin fadama, irin wanda doki ke zagayawa da shi. Inna ce ke dafa wa ma'aikatansa abinci, ni kuma ina kai musu. A can na fara ganin ƙwayar. 'Yar ƙarama ce fara, mai tallan magani a kan keke yake kawo musu ranar kasuwa. Su kora ta da kunu da sassafe, su yini suna sara da ɗauka da dafa mazarƙwaila, suna waƙa, ba wanda ke neman inuwa. Ranar da zan koma makaranta Inna ta ƙulle mini wasu masu yawa a ƙyalle, ta ce tunda ga shekarar jarrabawa, in riƙa shan rabi in karatu ya yi nauyi. Da zuciya ɗaya ta ba ni, yadda take ba ni ƙuli-ƙuli da yaji.

Gaskiya ta yi aiki. Lissafin da nake tsoro ya zama kamar wasa. Ba yunwa, ba barci, kaina fes. Rabi ya koma ɗaya, ɗaya ta koma biyu. Malamarmu har yabona take yi a gaban aji, tana cewa a yi koyi da ni. Ta ƙarshe na haɗiye ta ranar takarda ta ƙarshe, na zubar da ƙyallen a bayan ɗakin kwananmu.

Gajiyar ba ita ta fi ba ni tsoro ba. Abin da ya fi, ba abin da nake so. Aka dafa dambu da zogale, wanda a makaranta har mafarkinsa nake yi, na sa a baki na ji kamar dusa. Ƙawayena suka zo gaishe ni, na juya fuska bango. Littafin da nake ɗokin in gama jarrabawa in karanta yana kan akwati, ban buɗe ba. Wani lokaci sai hawaye kawai, in an tambaye ni dalili ba ni da shi. Maƙwabta suka ce boko ne ya taɓa ni, wasu suka ce baki ne. Baba ya yi mini rubutu na sha kwana bakwai.

Ana cikin haka takarda ta zo daga ofishin ilimi. An ba ni aikin koyarwa a wata firamare a Ikara, in bayyana ranar Litinin da za a buɗe makaranta, saura mako uku. Ni ce mace ta farko a zuri'armu da aka rubuta wa irin wannan takarda. Baba ya sa aka karanta masa ita sau biyu a zaure. Ni kuwa da aka miƙo mini, na ajiye ta a gefe.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta ce a kai ni sha-ka-tafi na Makarfi. Ita ta raka ni a mota. Ma'aikacin wurin dattijo ne, ya duba idona da harshena, ya sa Kaka ta ɗan fita, sannan ya tambaye ni ko na sha ƙwayar masu rake. Na ce e. Bai yi faɗa ba. Ya ce akwai wani abu da ƙwaƙwalwa ke fitarwa da kanta kaɗan-kaɗan, shi ke sa mutum marmarin tashi da ci da aiki. Ƙwayar ba ta ƙara shi, tatse shi take yi.

Ya ce, “Kin ga tukar da ke fitowa bayan injin kawunki? To ke ce yanzu. Amma ke ba rake ba ce, zai dawo. Sai dai ba a mako uku ba.”

Na tambaye shi magani, ya ce babu na sha. In ci abinci ko ba na so, in fita hantsi ya taɓa ni, in yi ƙaramin aiki in kai shi ƙarshe, in kwanta da wuri. Ya ce in na sake haɗiyar ko rabi zan miƙe garau a ranar, amma ramin da zan faɗa daga baya ya fi wannan zurfi. A hanya na gaya wa Kaka komai. Da muka isa na gaya wa Inna. Ta ce wannan surutun 'yan asibiti ne, ai duk fadama sha ake yi.

Kaka ta ɗauke ni ta mai da ni ɗakinta. Ta hana ni goro, ta hana ni shayi. Kullum da hantsi sai ta fito da ni tsakar gida ta ba ni aiki guda ɗaya tak. Ranar farko ɓarar gyaɗa ce, cikin ƙoƙo ɗaya. Na kai azahar ban gama ba. Ta zauna kusa da ni tana kaɗi, tana tsokanata, wai 'yar boko ta ci takardar Turawa amma gyaɗa ta kayar da ita. Ba ta taya ni ko ƙwara ɗaya ba. Da na gama ta karɓi ƙoƙon ta ce madalla, shi ke nan na yau. Washegari sharar ƙofar ɗaki. Bayan mako na kai rijiya da ƙaramin tulu. Wata ran in yi, wata ran in koma in kwanta ina kuka, ta bar ni. A mako na uku na iya karanta shafi biyu. Amma in na tuna tsayuwa gaban yara tun safe har azahar, sai in ga ba zan iya ba.

Ranar Litinin ɗin, bayan asuba, Inna ta shigo ɗakin Kaka da kwanon kunu. Ta riga ta ɗaure mini kaya, motar Ikara tana bakin kasuwa. Ta kwance bakin zanenta, ta buɗe tafin hannu. Ƙwayar ce, guda biyu.

Ta ce, “Sha ɗaya ki tashi, 'yar nan. Ki je su gan ki kawai. In kin zauna daram sai ki bari.”

Wallahi bakina har ya tara yawu. Duk jikina ya miƙa wajen hannun nan, abu na farko da na so cikin wata guda. Shi ne ya firgita ni. Na matsa baya har na jingina da bango, na ce mata ba zan iya ba, ta yi mini rai.

“Shekara biyar muna jiran yau. Ubanki ya gaya wa kowa a masallaci.” Ta ƙara miƙo mini hannun. “Ni fa tun da aka fara matsa nake shan rabi kullum. Me ya same ni?”

Ta jefa ɗaya a baki, ta kora da kununa, don in ga ba komai. Sai a lokacin na dube ta sosai. Wuyanta ya zuge, idanunta sun yi wani irin ƙyalli, yatsunta ba sa tsayawa wuri ɗaya. Kaka tana kan buzunta tana jan carbi.

Motar ta tashi ba ni. Bayan kwana goma aka aiko cewa an ba wani malami gurbin nawa, in sake nema baɗi. Baba bai yi mini faɗa ba, ya dai daina zama a zaure da yamma. Inna tana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan.

Yanzu ina iya zuwa rijiya sau biyu, jiya har na yi wanki. Wasu ranakun kuma sai a hankali. Na sake yi wa Inna magana sau ɗaya, ta ce in an gama matsa za ta bari, ai ba wuya. Kawu ya ce saura mako biyu su kwance doki. Ni na san irin safiyar da ke jiran ta, ita ba ta sani ba tukuna.