'Yan Tsakin Kuje

Shekarun da muka yi a Nyanya, a saman bene muke, babu inda mutum zai ɗaure ko zakara. Ni kuwa a Zariya na tashi, kaji na bin ƙafata. Shi ya sa ranar da maigidana ya kai ni ganin gidan da muka samu a Dutsen Alhaji, ban tsaya duba ɗakuna ba, na zarce wani ɗan fili da ke baya, na ce, "Nan akurki zai zauna."

Ya ce, "Ko labule ba mu rataya ba."

Na ce labule ya jira.

Kafinta ya gama akurki, sai tambaya ta taso: a ina zan sayi 'yan tsakin? Kowa da nasa. Wani ya ce akwai masu kawowa tasha a kwali, da araha. Mai sayar da dusa ya ce in ba shi sallahu, jibi zan gani. Ni dai so nake in ga inda aka ƙyanƙyashe su da idona. Maƙwabciyata, wata 'yar Filato da ta daɗe tana kiwo, ta ce, "Hajiya, shirya ran Asabar mu je Kuje. Kaza ba a saye shi a waya."

Ran Juma'a na kasa zama wuri ɗaya. Na share akurkin da babu kowa a ciki, na sake sharewa.

Gonar farko da muka shiga tana da ofis mai sanyi da hotunan kaji a bango. Saurayin da ke wurin ya ce oga ba ya nan, mu biya kawai a kawo mana gida. Na tambaye shi ko an yi musu rigakafi, ya ce ai komai an yi. Wane iri ne? Ya ce masu kyau. Maƙwabciyata ta taɓa ni da gwiwar hannu, muka yi godiya muka fito.

Ta biyun tana can ƙarshen wata hanya marar kwalta, bayan gonakin rogo. Mai wurin wata dattijuwa ce mai faɗa-faɗa. Tun a ƙofa ta sa muka taka ruwan magani da takalmanmu. Ta hana mu shiga ɗakin injin ƙyanƙyasa, amma ta bar mu muka leƙa ta taga. Ƙwai jere a kan tire, ga wani ya tsage, ɗan baki yana ta ƙoƙarin fitowa. Wallahi sai da na yi ihu kamar yarinya.

Ta dube ni ta ce, "Madam, ƙwai kike so ko nama?"

Na ce duka.

Ta yi dariya, ta ce akwai masu jure zaman gida, ba sa saurin girma amma ba su da laulayi. Ta ɗauko ɗaya ta kwantar da shi rigingine a tafin hannuna. Nan take ya wuntsila ya miƙe. Ta ce, "Kin gani? Mai lafiya ba ya yarda ya kwanta." Ta nuna mini cibiyarsa a bushe, idonsa tar, ta faɗa mini rigakafin da aka yi da wanda ya rage a kaina.

Na buɗe jaka, sai ta ce, "Tsaya. Me kika shimfiɗa musu? Da me za ki ɗumama su idan an ɗauke wuta?"

Na ce ban tanadi ko ɗaya ba.

"To yau ba zan ba ki ba. Ki sa garin katako, ki nemi kaskon gawayi, ki dawo."

Raina ya ɗan sosu, amma kafin mu kai titi na san na samu wurin da nake nema.

Ranar da na koma, ni kaɗai na je. Na ɗora kwalin 'yan tsakin a cinyata a cikin mota, suna ta tsiyau-tsiyau ta 'yan ramukan. Wani fasinja ya ce, "Hajiya, sai an gayyace mu suna." Duk motar ta ɗauki dariya, ni kuma bakina ya ƙi rufuwa har gida. Maigida da kansa ya durƙusa yana tsoma bakin kowanne a ruwa.

Biyu sun mutu a makon farko, na ji zafin abin. Sauran suka tashi. Wata safiya na tarar da ƙwai ɗan mitsitsi a kusurwa, da ɗuminsa, na ɗauka na zaga da shi gida-gida ina nunawa.

Bayan wasu shekaru gine-gine suka cimma gonar, dattijuwar ta matsa can gaba, 'yarta ta karɓi aikin. Har yanzu can nake zuwa. Bana mata uku na kwasa daga layinmu, ɗaya tun a hanya take tambaya ko za a bar ta ta zaɓi masu baƙin gashi.