Alwalar Malam a Gindin Dashe

Mutanen Karmo, kun ce in faɗi abin da na tuna game da mai gidana a rubuta. Ni ban san baƙi ba, kuma sunansa ba zai fito daga bakina ba. Malam na kira shi tun ina amarya, Malam zan ce. In kun ji muryata ta sarƙe ku yi haƙuri, ko wata biyar bai yi a ƙasa ba.

Wa ya taɓa ganin Malam ya yi alwala a ƙofar masallaci? Babu! Da an kira salla sai ya ɗauki butarsa ya nufi filin bayan gari, ya tsuguna a gindin ɗan dashen ɗorawa ko mangwaro, ruwan na sauka a saiwa. Yau wannan, gobe wancan. Kullum sai an yi raka'a ɗaya yake isowa. Da Liman ya gaji ya yi masa magana, sai ya ce, "Allah gafarta Malam, naku ruwan lada ɗaya yake jawowa. Nawa biyu."

Kun tuna ranar da saniyar Ardo Buba, Bafulatanin da ke sauka kusa da rafi, ta cinye masa dashe uku? Ardo ya zo ban haƙuri da ƙwaryar nono. Malam ya ce, "Ni ba da kai nake shari'a ba, Ardo. Wadda ta ci ita za ta biya." Ardo ya ce, "Da me?" Ya ce, "Ta gaba ta ci, ta baya za ta biya." Kwana bakwai garken nan yana kwana a filin, har taki ya wadata. Nonon ma bai mayar ba!

Sai maganar suna. Wayyo, kunyar da na sha! Kowa na kai turmin zane ko kaza, shi kuwa sai ya je hannu rabbana ya ce, "Na ba jaririn nan ɗorawar da ke kusa da dutse." Gidan Musulmi, gidan Kirista, gidan Gwarawa maƙwabtanmu, bai ware kowa ba. Mata suna yi mini tsiya a bakin rijiya: "Hajo, yau kuma wane icce mai gidanki ya yanka wa mai jego?" Na ce masa, "Malam, ana ce maka marowaci." Ya ce, "Kaza kwana ɗaya ce, Hajo."

Da hanyar mota ta matso, baƙi suka yi ta zuwa, gidajen kwano suna cinye gonaki. Mai unguwa ya tara jama'a ya ce za a yanka filin a raba wa masu gini, a sare itatuwan. Filin na gari ne, ba wanda zai musa. Ranar Malam bai ci tuwo ba, ni kuwa na san in aka sa gatari a wurin nan da shi za a sare.

A wurin taro ya bari kowa ya gama maganarsa. Sannan ya tashi ya ce, "Ranka ya daɗe, na yarda. Amma ka san al'ada: ƙasa ta gari, icce na mai shi. Ni kuwa ba ni da ko ɗaya, duk na bayar. A fara da na bakin hanya, na 'yarka Talatu ne. A je a tambayi uwarta."

Kai! Kafin la'asar mata sun cika wurin. Wannan da kalwar ɗanta take daddawa, waccan a ƙarƙashin na 'yarta take sussuka. Matar mai unguwa ce a gaba. A nan ne asiri ya tonu: mata uku suka rungume ɗorawar dutse, kowacce na cewa ta ɗanta ce. Aka juyo kan Malam. Ko gezau bai yi ba, ya ce, "To, ba reshe uku gare ta ba?" Mai unguwa ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce a kewaye filin da duwatsu, na inuwa ne da wasan yara, ba mai gini a ciki.

Icce ɗaya ne bai taɓa bayarwa ba, mangwaron da ya dasa wa ɗanmu da bai kai yaye ba. Bai taɓa faɗa mini ba, ni ma ban taɓa nuna na sani ba.

Yanzu ana ta cewa gwamnati za ta gina babban birni a ƙasar nan. Ban san abin da zai zo ba. Ni dai butarsa tana hannuna, kuma akwai dashen ƙarshe da ya bari bai kai gwiwa ba. Can nake alwala.

Ya Allah, bawanka ya bar mana inuwa. Ka gafarta masa raka'o'in da ya makara, ka sanya shi a inuwarka ranar da babu wata sai ita. Amin.